Likkafanin Hajiya

Malali, Kaduna
9 ga Maris

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen Rigachikun. Yaya ciwon gwiwar? Yaya ƙarin haƙurinmu?

Na kira wayarki har na gaji, shi ya sa na koma takarda. Jibi ne addu'ar arba'in ɗin Hajiya, kuma ban ga yadda za a yi ta babu ke ba. Ni ta haifa, amma ke ta fara goyawa, tun ranar da ƙanwarta ta rasu ta bar ki. Shekara shidan da ta yi tana jinya ma ke ce a kanta, ni ina can ofis.

Jiya na shiga ɗakinta. Carbinta na nan a rataye, ƙamshin turarenta bai fita ba. Sai na tuna yadda duk shekara kafin azumi take buɗe akwatin ƙarfen nan, ta fito da likkafanin da ta jiƙa da ruwan zamzam a Makka, ta shanya a inuwa. Mu yi ta tsokanarta wai amarya na duba lefe, ta biyo mu da mafici tana dariya. Shekara ashirin da biyu tana ajiyarsa, Yaya. Ranar da ta cika aka buɗe akwatin, wayam! Sai da mijina ya ruga Babbar Kasuwa ya yanko yadi. Har yau in na ɗaga hannu zan yi mata addu'a, yadin nan nake gani, sai bakina ya yi nauyi.

Na san na yi miki magana a gaban mutane, kin dai san halina. Amma makullin akwatin a hannunki yake, kuma da na tambaye ki shiru kika yi. Ba na neman ki dawo da komai. Ki faɗa mini inda ya tafi kawai, ko zuciyata ta huta.

Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Firdausi

Malali, Kaduna
14 ga Maris

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, in har za ki amsa gaisuwata. Allah Ya sa kin tashi lafiya.

An yi addu'a, ba ki zo ba, kuma yanzu ban ga laifinki ba. Bayan mutane sun watse, wani dattijo ya tsaya a ƙofar gida ya ƙi tafiya. Malam Lawan ne mai garuwa, mutumin Zamfara da ke zaune a kangon bayanmu. Ya yi wata biyu ba ya gari, dawowarsa ke nan ya ji rasuwar, ya kuma ji abin da unguwa ke faɗa a kanki.

Ya ce daminar bara matarsa ta rasu wajen haihuwa, ba su da kowa a Kaduna, ba shi da ko ƙyallen da zai rufe ta. Sai ga ki da farin yadi a cikin mayafi, Hajiya ta aiko. Ke kika wanke matar, ke kika suturta ta. Hajiya ta rantsar da ke kada kowa ya ji, har ni. Shi dai ba a rantsar da shi ba, shi ya sa ya yi magana.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya, zama na yi a ƙasa nan zaure. Kwana arba'in ina jin haushi, har a raina ina tambayar Ubangiji don me baiwarSa za ta tafi a yadin kasuwa. Astagfirullah. Ashe ita ta zaɓi hakan da hankalinta, ke kuma kika haɗiye sunan ɓarauniya don kada ki tona mata sadaka.

Sunanki na wanke shi. Jiya na bi gidajen layin nan ɗaya bayan ɗaya, ni da bakin nan nawa, na faɗa musu ƙarya na yi miki.

Amma akwai abin da ba zan iya mayar miki ba, shi ke ci na. Hajiya ta sha faɗa cewa ke za ki yi mata wanka. Ranar nan na tsaya a bakin ƙofa na hana ki shiga, na kira wasu. Kina riƙe da ƙwaryar ruwa, kika ajiye a hankali kika juya. Wankan nan sau ɗaya ake yi, kuma na ƙwace miki.

Ba ni da bakin cewa ki yafe yau. Ranar Asabar zan zo, ko a ƙofar gida za ki bar ni. Roƙona ɗaya ne, na kuma faɗa wa mijina ya zama shaida: in na riga ki tafiya, kada kowa ya taɓa ni sai ke.

Ki gaida yara. Allah Ya jiƙan Hajiya.

Ƙanwarki mai laifi,
Firdausi