Labulen Haulatu

Litinin, 2 ga Satumba, 2024
Shekara uku da yin ritaya, yau na sake sa farin kaya. Dokta Sada ne ya ja ni, wai aikin jinya na sa-kai suke yi kuma ba su da nas. Sansanin yana bayan garin Babban Mutum, wata tsohuwar firamare, cike da mutanen da 'yan bindiga suka koro daga yamma. Aji ɗaya ya fi mutum talatin. Na ce wa Dokta mako biyu zan yi, gwiwata ba ta son wasa.

Laraba, 4 ga Satumba
Awon dantsen yara da ma'aunin tamowa mai launi uku: kore lafiya, ja haɗari. Goma sha ɗaya kore, huɗu rawaya, ɗaya ja. Mai jan sunanta Hadiyya, wata bakwai, hannu kamar sillen kara. Kakarta Nagoggo ce ta kawo ta. Uwar, Haulatu, tana bakin ƙofa tana kallon ƙasa. Na ce ta zo ta shayar da ita in gani. Ko motsi. Raina ya ɓaci, na wanke ta tas a gaban mutane.

Litinin, 9 ga Satumba
Har yanzu ja, duk da abincin tamowar da muke ba ta. Dokta ya ce in ba ta ɗago ba nan da mako ɗaya, sai a kwantar da ita a Daura. Uwar ko sunanta ba ta kira. Wai "yarinyar can".

Alhamis, 12 ga Satumba
Nagoggo ta tare ni a bakin burtsatse. Tsohuwa mai bakin tsiya, mun dace. "Likita, ke ba ki haihu ba ne?" Na ce biyar. "To, na farin, a gaban surukanki kika ba shi nono?"
Na dire butar da ke hannuna.
Ashe 'yar fari ce. A rugarsu Haulatu tana da ɗakinta, ta shige ta shayar babu mai gani. Nan kuwa aji ɗaya suke da surukinta da ƙannen mijinta, sai ta faki ido, sau biyu ko uku a yini. Kunya ce, ba ƙi ba. Ni da na shafe shekara talatin da takwas ban taɓa kiran ɗana na fari da sunansa ba, sai Baban Raihana, wai ni ce na manta da wannan. Kaiconki, Barakatu.

Juma'a, 13 ga Satumba
Zannuwa biyu daga akwatina da igiyar shanya, na kewaye kusurwar ajinsu. Na ce wa maza umarnin likita ne, duk wanda ya matso sai allura. Surukin da kansa ya buga ƙusa, yana yi kamar bai san amfaninta ba. Dariya ta kusa kashe ni.
Na ba Haulatu haƙuri. Ta rufe fuska da mayafi, amma na ga haƙoranta.

Litinin, 16 ga Satumba
Nauyi ya ɗan ƙaru. Dokta ya ce a bar maganar Daura tukuna.

Litinin, 23 ga Satumba
Rawaya. Alhamdu lillahi. Yanzu kowane aji yana da labule, akwatina ya koma fayau.

Litinin, 14 ga Oktoba
Kore! Na sake aunawa har sau uku. Nagoggo ta rangaɗa guɗa, ta ja ni rawa da wannan gwiwar, na kuwa taka. Da zan wuce ta bayan labule na ji Haulatu ƙasa-ƙasa tana cewa, "Hadiyya, Hadiyyata." Na yi kamar ban ji ba. Daɗi ya kama ni har idona ya ciko.

Juma'a, 18 ga Oktoba
Dokta bai ƙara tada maganar mako biyu ba, ni ma haka.
Baban Raihana ya kira daga Kaduna bayan la'asar. Ina ɗauka na ji bakina ya ce, "Kabiru." Can ya ce, "Umma, sake faɗa." Na ce masa layin ne ba kyau.