Suna na Goma Sha Takwas

Godogodo, 3 ga Maris

Ƙawata Edna,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikin Baba Yafet? Yaya 'yan aji shida na Kagoro? Ki ce musu Malama Hulda ba ta manta da su ba.

Ran Asabar za a yi addu'ar tunawa da waɗanda aka kashe a ƙauyen mijina bara. Ni ce kansila, ni zan karanta sunaye. Shugaban jam'iyya ya kawo mini takarda mai suna goma sha bakwai, duk 'yan cocinmu. Babu Nabila Yunusa. Kin tuna ta? Bafulatanar nan mai zama gaban allo tana gyara mana lissafi. Washegarin harin samarinmu suka tare ta a hanyar rafi, da goyo a bayanta. Daga ita har goyon, ba wanda ya dawo.

Shekara ashirin ina kiran rajista, Edna. Duk sanda na kai ƙarshen takardar nan, sai in ji aji ya yi tsit, ana jiran saura.

Shugaba ya tuna mini zaɓen fidda gwani saura wata guda. Da "Mamanmu" suke ce mini, jiya kuwa "matarmu" ya ce. Kin gane: aure ya kawo ni, ba jini ba. A Kagoro kuma sun ce na yi aure waje. In na rasa kujerar nan, ba ni da wata.

Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Hulda

Godogodo, 12 ga Afrilu

Edna tawa,

Ina fata kuna lafiya, an kuma yi Ista lafiya.

Na karanta goma sha bakwai ɗin, sannan na kira Nabila. Dattawa suka miƙe suna kaɗe riguna. Wasu matan zumunta suka bi su, wasu suka zauna. Can bayan shinge wata tsohuwa ta amsa da na'am. Ashe Nene ce, mahaifiyarta, tun safe take tsaye a wurin.

An ba Francis, abokin takarata, tikiti. Sun ce zuciyar mace ba ta iya riƙe gari.

Na ɗauka ajin zai sallame ni, amma har yau yana jira. Sai jiya na gane: goyon nan, ban san sunansa ba. Gobe zan je ruga in tambayi Nene.

Ki gaida kowa.

Taki har kullum,
Hulda