Shekara Biyun da Kuka Soke a Takarduna

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tantance Takardun Ɗaliban Likita na jiharmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka.

Sunana Rabi'atu, ina aji huɗu a karatun likita a wata jami'a a nan Guangzhou, ƙasar Sin. Sau uku ina rubuto wa ofishinka tun bayan ƙaramar salla. Amsar da aka ba mahaifina layi ɗaya ce: ba za a ba ni gurbin koyon aiki a asibitocin jiha ba, wai don darussan share fage na kimiyya a kwaleji na yi su, ba a jami'a ba. Shi ya sa na fito fili da wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa.

Na ɗaya, ba gudun wahala ya kai ni kwaleji ba. Na sauka garin nan a 2004, biza ta makara, jami'a ta rufe ɗaukar 'yan share fage. Kalmar Sinanci ta farko da na koya ita ce "meyo", wato babu, daga bakin matar ofishin jami'ar. Yayana Sani, mai sayen tufafi a kasuwar Baima yana aikawa gida, ya ce sai dai in koma in jira baɗi. Ina kuka a wani gidan abinci a unguwar Dengfeng, Alhaji Mamman, ɗan kasuwa daga Maraɗi, ya ce ya san wata 'yar ƙaramar kwaleji a yankin Panyu da ke koyar da kimiyya. Washegari ya bar harkokinsa ya raka mu.

Na biyu, ranka ya daɗe, ina so ka san makarantar da kwamitinka ya soke ba tare da ya tambaya ba. Ginin tsoho ne, a bayan wata masana'antar takalma, lokacin jirgin ƙasa bai ma isa unguwar ba, sai bas. Shekara biyu na yi a can, mu goma sha ɗaya ne a aji. Malama Lin, wadda ta koya mana ilmin sinadarai da na halittu, da keke take zuwa, da kwalbar shayinta a kwando. Kowannenmu yana da madubin duba ƙwayoyin halitta nasa. Ranar da muka fara feɗe kwaɗo na kasa yanka daidai. Ba ta karɓi wuƙar ba. Ta tsaya a gefena ta ce, "Yanka a hankali. Hannun likita ba a haihuwar mutum da shi." Sai da na ɓata kwaɗi uku kafin ta gyaɗa kai. Da azumi ya zo, ba wanda ya roƙe ta, ta mayar da aikin gwaji zuwa safiya saboda ni. Har yau idan na ji ƙamshin shayin nan nasu, tagar ajin nake gani da ruwan sama yana dukanta.

Na uku, jarrabawar shiga ajin likita ɗaya muka zauna da 'yan share fagen jami'a, zaure ɗaya, kuma na ci. Ƙawata Zainab ta share fagen jami'a ta biyo, inda suke cika zaure maƙil, malami bai san sunan kowa ba. Ita da bakinta take faɗa cewa ni na koya mata riƙe madubi a shekararmu ta farko a ajin likita. An ba ta gurbi, kuma ta cancanta, ina taya ta murna. Ina dai tambaya: me ta karanta da ban karanta ba?

Watan jiya na koma Panyu karɓo manhajar darussa. An haɗe kwalejin da wata, an kulle ginin, ciyawa ta cinye farfajiya. Malama Lin ta yi ritaya, amma da ta ji labari ta zo da kanta, da littattafan gwajinmu da ta adana, kowane shafi da sa hannunta. Kwafinsu yana cikin wasiƙata ta uku, wadda ban sani ba ko an buɗe.

Na huɗu, dalilin nacina. Ƙanwata Maryam ciwon sikila ya ɗauke ta ina sakandare, saboda ita na zaɓi wannan hanya. Shekara huɗu ina zagaya asibiti a nan, ban ga mai sikila ko ɗaya ba. A gida marasa lafiyata suke, a gida ya kamata in koya.

Roƙona: a buɗe takarduna a gwada su da manhajar jami'a, darasi da darasi. In har ana shakka, a yi mini jarrabawa, a gaban duk wanda kuka zaɓa. Kuma a amsa mini a rubuce kafin a rufe rabon gurabe, don kada mahaifina, da tsufansa, ya ci gaba da zaman benci a ƙofar ofishinka.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya, ya haɗa 'ya'yanka da malamai masu tausayi a duk inda suka je neman ilmi.

Wassalam.

Rabi'atu,
Guangzhou.