Makullin da Ke Wuyan Yaya

Litinin, 3 ga Maris

Yau kwana goma sha tara da rasuwar Yaya. Sai yau asibiti suka ba mu abin da aka samu a jikinsa ranar da injin kamfanin sabulu ya tashi yana ciki: agogonsa, da wani ɗan makulli a igiyar wuya. Anti, matarsa, ko kallonsu ta kasa yi. "Auta, tafi da su, ni ba zan iya ba." Da sunan da yake kirana ta kira ni. Na kawo su gida na sa a kwanon tangaran da ke saman durowa.

Nawa, wato mijina, ya shigo ya gan su, ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Tare suke aiki da Yaya. Yaya ne ya samo masa aikin, shi ne kuma ya fara kawo shi gidanmu. Kewa ce. A littafi ma haka jarumi yake yi, shiru da kallon bango.

Alhamis, 6 ga Maris

Ɗakin nan warin ɗanyen sabulu yake yi, irin na cikin tanki tun ba a zuba turare ba. Na wanke labule, na shanya katifa. Nawa ya ce shi bai ji komai ba. "'Yar littafi, hancinki ma ya fara ƙirƙirar labari." Ya yi dariya, amma iya haƙora.

Asabar, 8 ga Maris

Ƙarfe huɗu na yamma jiniyar kamfani ta yi kukan canjin aiki. Tana yin shiru na ji ƙwas daga wajen durowa. Kamar an datse kwaɗo. Ga rana ba ta faɗi ba, ƙofa a buɗe, maƙwabciya tana shara.

Talata, 11 ga Maris

Mutumin kamfani ya zo wajen Anti, mai farin takalmi da murya kamar ta mai rarrashin yaro. Ya kawo takarda shafi uku. Wai za su taimaka wa yara, ita dai ta sa hannu cewa sakacin marigayi ne, kuma magana ta mutu har abada.

Ga yadda suke aiki, Yaya ya sha faɗa mini: kowane ma'aikaci da kwaɗonsa. In zai shiga wanke tanki, sai ya kashe injin, ya datse makunnin da kwaɗonsa, ya rataya makullin a wuya. Muddin kwaɗon nan yana wurin, ba mai iya tayar da injin. Kamfani sun ce ranar mantawa ya yi bai datse ba.

Yaya? Wanda ko kejin kaji sai ya koma ya taɓa sau biyu?

Mama ta ce a sa hannu a huta, tone-tone ba ya dawo da mamaci. Anti ta ce a ba ta zuwa 27 ga wata.

Juma'a, 14 ga Maris

Na raka Anti wajen wata lauya. Na zaci zan ga doguwa mai baƙar riga tana buga tebur. Gajeriya ce mai mura, ofishinta duk fayil, fanka tana ƙara kamar za ta faɗo.

Abin da na riƙe: hanya uku ce. Ko Anti ta sa hannu ta karɓi abin da aka ba ta, ƙofar kotu ta rufe. Ko ta nemi haƙƙin ma'aikacin da ya rasu a bakin aiki, wanda ba sai an nuna laifin kowa ba, amma sunan Yaya zai zauna a takarda a matsayin mai sakaci. Ko ta kai ƙara cewa sakacin kamfani ne ya kashe shi. Mata da 'ya'ya da uwa su ne masu ƙara. Ni ƙanwa, sai dai shaida. Kuma akwai wa'adi, ba a zama sai an gama kuka.

"Amma kotu ba ta cin 'na san halinsa', hujja take ci," in ji ta. Da na ambaci makullin sai ta ajiye hankicinta. "Makulli a wuya, to ina kwaɗon?"

Kamfani sun ce ba su gan shi ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Ƙwas. Ƙarfe huɗu. Yau ko jiniya ba a yi ba.

Laraba, 19 ga Maris

Nawa ya daina cin abinci a ɗaki, a bakin ƙofa yake zama da kwanonsa. Wanke hannu kuwa, har fatar ta fara tsagewa. Na ba shi labarin lauya, ya ce, "Ke me ya kai ki? Wannan ba littafi ba ne da za a juya shafi a ga kowa yana murmushi." Bai taɓa ɗaga mini murya ba sai yau.

Na dawo daga wanka na tarar an kife kwanon tangaran a kan makullin. Ni ban kife ba. Shi ma ya ce ba shi ba ne.

Asabar, 22 ga Maris

Wannan kam sai na rubuta.

Zuciyata ta yi nauyi, na ce bari in koma wa tsohon littafin nan na yarinyar da ta auri matuƙin jirgi. Na jawo kwalin tsofaffin littattafaina daga ƙarƙashin gado. Ina buɗewa warin ya buge ni. Ashe daga nan yake fitowa.

A can ƙasa, cikin safar Nawa, kwaɗo ne. Da ɗigon jan fenti irin wanda Yaya yake sa wa duk kayansa. An yanke ƙarfen wuyansa, yanka mai sheƙi, sabo.

Na ɗauko makullin na zura. Ya juya. Ƙwas. Ita ce ƙarar, ita ɗin dai.

Shi a tunaninsa wanda ya gama littafi ya gama da shi. Wata goma sha ɗaya muna tare, bai san ina maimaita su ba.

Lahadi, 23 ga Maris

Ban tambaye shi ba. Na ajiye kwaɗon kusa da kofin shayinsa da safe.

Ya daɗe yana kallo. Maganar a gutsure ta fito. Lokacin canjin aiki ne, motar kaya tana jira, shugaban sashe yana ta masifa. Wani ya ce ai Yaya ya tashi, ga shi babur ɗinsa ba ya waje. Babur kuwa yana wajen makanike tun safe. Doka ta ce a kira mai kwaɗo, a leƙa tanki, sannan a yanke. Ba a kira ba, ba a leƙa ba. Shugaban ya miƙa masa almakashin ƙarfe. "Yanke mana, mu ba 'yan zaman jira ba ne."

"Na yanke," ya ce. "Taku goma ne zuwa bakin tankin. Goma."

Daga baya aka ce ya jefa kwaɗon a kwata. Ya kasa. Ya kasa jefarwa, ya kasa nunawa, sai ya kwantar da shi ƙarƙashin gadonmu, muna barci a kansa.

Ya riƙe gefen zanena. "Ki rufa mini asiri. Da wane ido zan kalli Mama?"

A littafi, nan ne take share masa hawaye. Na duba hannuwana, suna kan cinyata.

Talata, 25 ga Maris

Na kira lauya, na ce wai wata ƙawata ce take tambaya. Ta ce ƙarar kamfani za a yi, ba ta ma'aikacin da aka ba umarni ba, amma dole ya tsaya ya faɗa da bakinsa, kuma ba ta yi alkawarin aikinsa zai tsira ba. Sai ta ce, "Ki gaya wa ƙawar taki, jibi Antinki za ta sa hannu."

Ɗan Yaya na fari ya tambayi uwarsa ko da gaske Baba mantuwa ya yi. A makaranta aka faɗa masa.

Laraba, 26 ga Maris

Ƙarfe huɗu. Kwaɗon yana tafin hannuna, a buɗe, ina kallonsa. Duk da haka na ji ƙwas, daga bayana.

Ban waiwaya ba. Na ce, "Na ji, Yaya."

Juma'a, 28 ga Maris

Ba wani abin rubutawa. Jiya na fita da safe, dama ina da littafin da zan mayar wa mai hayar littattafai. Hanya ce ta biya da ni ta ofishin lauya. Ta sa kwaɗon da makullin a leda ta manne, ta ce in rubuta sunana da inda na same su. Anti ba ta sa hannu ba. Ba ta kuma kira ni Auta ba, ba ta kira ni komai ba tukuna.

Na gaya wa mijina da ya dawo. Ya ce "to". Ya tambaya ranar da lauya take son ganinsa, na ce Litinin. Na goge masa farar rigarsa. Ko zai sa, ban sani ba.

Komai yana nan yadda yake. Na dafa, ya ci, a cikin ɗaki ma. Mai haya ya ce an kawo sababbi, har da ci gaban wanda nake jira, na ce sai wani lokaci. Takardar da lauya ta ba ni nake karantawa, ba daɗi, sai na bi layi da yatsa.

Warin ya tafi. Ƙarfe huɗu ta yi, jiniya ta yi kukanta ta gama. Na tsaya tsakiyar ɗaki ina saurare har ruwan da na ɗora ya ƙone.