Maktak a Cikin Leda

Ottawa, Talata 6 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma, a farfajiyar gidan kula da tsofaffi.

Kawu Jaypetee,

Gaisuwa mai yawa, da fatan mutanen Resolute suna lafiya.

Tun Juma'a Kaka ba ta ci komai ba sai shayi. Da aka kawo mata dankali da kaza a niƙe, ta tambayi mai aikin ko ita ce ta tauna kafin ta kawo. Maktak take so, fatar da kitsenta, daga ƙaton kifin da kuka harbo.

Don Allah ka aiko a cikin kula, da ƙanƙara sama da ƙasa. Tsakaninmu ya wuce kilomita dubu uku, kuma sai an sauya jirgi a Iqaluit. Nan zafi ake yi.

'Yarka, Leetia.

*

Leetia,

Muna lafiya. Ashe shekarun nan da kika yi kina karatun jinya, awon sararin sama aka koya miki? Ina yanka maktak tun uwarki ba ta fara haƙora ba. Na ciro shi daga firiza, na ɗaure a leda, na sa a kwali, yadda kowa yake yi. Meeka, matar maƙwabcina, za ta riƙo miki. Jirgi ne, malamar asibiti, ba keken karnuka ba.

Ki gaida uwata, in kin tuna yadda ake gaisuwa da yarenmu.

Kawunki.

*

Ottawa, Lahadi 11 ga Agusta.

Kawu,

Ina gaisuwa. Hazo ya tsare Meeka kwana uku a Iqaluit, kwalinka yana ajiye a ɗakin baƙi mai ɗumi. Ya iso yana ɗiga, ledar ta kumbura. Naman teku da ya ɗumama a rufe cikin leda yana iya kisa, ba kuma lallai ya nuna alama ba. Ba zan ba ta ba.

Leetia.

*

Leetia,

Mun girma da naman da ya yi wata guda a ƙarƙashin duwatsu, ga mu da ranmu. Ke da kike toshe hanci a kicin ɗinmu ce za ki gaya mini ruɓaɓɓe? Ki kai mata. Wadda ta haife ni ta fi littafinki hanci.

Kawunki.

*

Ottawa, Litinin 12 ga Agusta.

Kawu,

Gaisuwa. Na kai mata, amma ban saki kwalin ba. Ta leƙa, ta taɓa ledar da yatsa, ta ce, “Wane sakarai ne ya shaƙe nama haka? Duwatsu suna barin iska ta shiga.” Na ce kai ne. Ta ce ta yi zato.

Sai ta dube ni. “Ke kuma tsaya can, da hannunki mai warin sabulu. Ɗaya bai iya aiko nama ba, ɗaya ba ta iya samowa ba. Ku kai ni inda naman yake.”

Ta sa na ɗauko mata takalmanta na fata, tana zaune da su a bakin gado. Likita zai zo da safe.

Abin da ban sani ba:

ko zuciyarta za ta ɗauki jirgi biyu;

ko likita zai sa hannu;

wa zai riƙa juya ta a gado a gidanka;

ko za ta ci wani abu kafin nan.

Ka huta lafiya.

Leetia.