Ƙarfen da ke Cikin Markenmu

Litinin, 4 ga Oktoba 2010

Ruwan ambaliya ya janye daga gonarmu ta Rimawa. Gero ya tafi, amma ba mu rasa rai ba, alhamdu lillahi. Babban marken bakin gona ya faɗi, saiwoyi a sama. Na gaya wa Inna, ta ce Allah ya sa iyakarsa ke nan. Ba za ta je ta gani ba, na sani. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ƙafarta a gonar nan ba.

Alhamis, 7 ga Oktoba

Wata Malama Elisabatu ta zo daga jami'a a Sakkwato, tana bin manyan itatuwan da ruwa ya kayar. Wai a yanko mata gindin marken, faifai guda. Ta ce kowace damina itace na ƙara zobe ɗaya a cikinsa, mai faɗi in an samu ruwa, siriri in an yi fari. Har ta ce a ƙasashen sanyi ƙanƙara ake haƙowa, a karanta shekarunta hawa hawa, a gane lokacin da duniya ta rikice tun kafin kakannin kakanni. Na ce ƙanƙarar da na sani ba ta kai azahar a kasuwar Goronyo. Ta yi dariya, mace mai sauƙin kai. Na ce ta ɗauka, icce ne.

Asabar, 9 ga Oktoba

Mode mai injin yanka ya zo. Yana tsakar aiki injin ya yi ƙara, haƙoran injin suka zube. Ashe wani ƙarfe ne mai kan zobe a can ciki, itacen ya haɗiye shi. Mode ya yi ta masifa kamar ni na shuka shi. Malama kuwa murna, ta ce a yanko da shi yadda yake.

Mun biyo ta gida don Malama ta sha ruwa. Inna ta leƙa bayan motar Malama inda aka ɗora faifan, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ƙarhen ga na san shi. Marigayi yab buga shi ranar da anka kawo ni, nan anka ɗaure goɗiyar da ta ɗauko ni." Ta koma ɗaki.

Lahadi, 10 ga Oktoba

Bari in rubuta, ko zan huta. Shekarar da aka kawo Inna gidan nan ruwa ya ɗauke, shanu suka mutu, rumbuna suka bushe. Dangin Baba suka ce amarya farar ƙafa gare ta. Goggo Asabe, ƙanwar Baba, ita ta fi kowa baki, har yau in kaza ta mutu sai ta kalli ɗakin Inna. Ba wanda ya hana Inna zuwa gona da baki. Ita ta hana kanta. Takan dafa abincin masu aiki, ta tsaya a bakin hanya ta miƙa.

Ni dai ban taɓa yarda da wannan camfi ba. Ruwa na Allah ne.

Talata, 19 ga Oktoba

Shiru daga Sakkwato. Irin albasa ya fito da kyau.

Laraba, 10 ga Nuwamba

Malama ta dawo da faifan, an goge shi sumul. Ta ajiye a tsakar gida, ta ce Inna ta matso, tunda ƙarfenta ne. Goggo ma ta zo kallo, ba a kira ta ba. Malama ta nuna zoben da tabon ƙarfen ya fara, ta ce wannan ce shekarar aure. Sai ta ja yatsa zuwa ciki, wajen shekarun da suka riga. Zobba uku a matse, sirara kamar zare. Ta ce, "Inna, wannan fari ya riga ki zuwa. Kin tarar da shi ne." Ban san yadda ta gane abin da ke cinmu ba. Wataƙila Mode, bakinsa ba ya ƙulli.

Goggo ta ce, "To mi icce ya sani?" Can kuma ta ce ita ma ta tuna geron ya fara lalacewa tun Baba na saurayi. Ta faɗa ƙasa ƙasa, tana gyara ɗankwali.

Inna ta durƙusa gaban faifan. Ta shafa zobban da tafin hannu. Da Malama za ta tafi, Inna ta cika mata ƙwarya da tafarnuwa, ta raka ta har mota tana sa mata albarka. Na yi ta godiya. Allah ya saka wa baiwar Allah nan, ya saka wa marken ma in ana saka wa icce.

Litinin, 22 ga Nuwamba

Dashen albasa. Da hantsi na hango Inna da ƙwaryar fura. Ta zo bakin hanya inda take tsayawa, na miƙe zan je in karɓa, sai na ga ta tsallako kwalbatin ruwa.

Gabana ya faɗi. Ban san dalili ba, ni da ban yarda da camfi ba. Idona na kan ƙafarta har ta taka ƙasar fangalin da muke dashe a ciki, kuma na ji bakina na karanta addu'ar tsari. Kunya ta kama ni.

Ta aje ƙwarya, ta dubi layukan da na dasa, ta ce, "Kai wane, haka aka dashe gidanku? Kun matse su." Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana.

Na ɗebi dashe cike da hannu na miƙa mata. Na ce ta fara daga tsakiyar gona.