Ƙorafi Kan Yanke Wayar Kukan Firigon Maganin Basira

Munkaila Mani,
Tela, bakin kasuwa,
Kore Mairuwa, Gundumar Tibiri.
Litinin, 15 ga Mayu, 2023.

Zuwa ga Maigirma Magajin Garin Kore Mairuwa,
Ofishin Magajin Gari (Meri), Kore Mairuwa.

Game da: Ƙorafi a kan kamfanin Fitilar Dallol da ma'aikacinsa Saminu, waɗanda suka rufe bakin firigona maimakon su gyara shi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya tare da ma'aikatanka, ina neman izini in gabatar da kukana. Ban taɓa rubuta wa hukuma takarda ba, kuma da abin ya tsaya a kaina ni kaɗai, da na haƙura.

Ina da ɗiya mai suna Basira, shekararta goma sha ɗaya. Tana da ciwon suga irin wanda sai da allurar insulin safe da yamma. Daga Dosso nake samo maganin, kuma likita ya gargaɗe ni cewa zafi yana kashe ƙarfinsa ko da ido bai ga ya canza ba. Tun da wutar kuran, wato lantarki, ba ta kai unguwarmu ba, a watan Nuwamban bara na sayi ƙaramin firigo mai aiki da hasken rana, da faifansa da batirinsa, daga kamfanin Fitilar Dallol mai shago a kasuwarmu. Na faɗa musu dalilin sayen tun ranar farko. Ga abin da ya biyo baya:

1. Ranar Litinin, 3 ga Afrilu, muna cikin azumi, firigon ya fara wani kuka da ban san shi da shi ba. Na san kukansa na gajeren tsaki idan an bar ƙofa a buɗe, wannan Basira ma ta san shi. Wannan kuwa dabam ne. Yana yin "tiii" mai tsawo, ya huta, ya sake, kuma sai rana ta take yake farawa. Daga bayansa ana jin wani gurnani kamar na keken ɗinki da zare ya sarƙe masa. Na duba ɗan littafin da ya zo da shi, babu Faransanci a ciki balle Hausa.

2. Na ɗauki kukan a wayata, na aika wa Saminu, ma'aikacin da ya kafa mana kayan. Ya amsa yana dariya, ya ce: "Baba, sabo ne, gaisawa yake yi da zafin Afrilu." Na je shago na kunna wa mai kamfanin, ya ce shi mai sayarwa ne, kunnen gyara yana wurin Saminu. Na koma ga Saminu, ya ce yana Dumega. Da na sake kira ya ce yana Tibiri. Ranka ya daɗe, ban nemi su ba ni komai ba a lokacin, tambaya ɗaya nake yi: me wannan kukan yake nufi?

3. Dole in faɗi halin da gidana ya shiga, domin da shi Saminu yake fakewa yanzu. Mahaifiyata, Inna Ladidi, mutuniyar Lugu ce, garin da ya riƙe al'adun gargajiya, kuma a wurinmu take zaune. Ta ce abin da ke kuka da tsakar rana ba tare da an taɓa shi ba, ba ƙarfe ba ne, Doguwa ce, aljanar tsamiyar da muka sare wajen kafa faifan, ta zo neman mazauninta, kuma farar kaza za ta kwantar da ita. Maƙwabcina Mus'ab, matashi mai shagon wayoyi, ya ji labari ya shigo ya ce wannan shirka ce, a watan azumi ma, karatu za a yi. Inna ta ce masa ta ga haihuwar ubansa. Matata Sahura ta rasa wanda za ta bi. Ni kuwa ɗinkin Sallah ya danne ni a shago, in na dawo in tarar da firigo yana kuka, mutanen gida ma suna yi.

4. Ranar Laraba, 12 ga Afrilu, Saminu ya zo ba na nan. Ya tarar Inna ta riga ta yanka kazarta a bayan ɗaki, Mus'ab kuma ya yi karatunsa ya tofa. Sahura ta shaida mini cewa ya janyo firigon daga bango, ya nemi aron almakashina na gida, ya yi ɗan abin da zai yi, ya mayar. Da zai fita ya ce wa mahaifiyata: "Inna, na sallami baƙuwar taki." Daga ranar kuka ya ɗauke. Inna ta ce an karɓi kazarta, Mus'ab ya ce karatu ne ya yi aiki, aka ci gaba da musu a kan wanda ya yi nasara. Ni na ɗauka an gyara, domin da na kira Saminu ya ce mini komai ya daidaita. Har godiya na yi masa.

5. Kafin Sallah, Sahura ta ce ruwan buɗa-baki ba ya sanyi kamar da. Na sake kiran Saminu, ya ce ko mutum ma ba ya sanyi a wannan watan. Da safe in na taɓa cikin firigon ina jin ɗan sanyi, sai hankalina ya kwanta. Ban san da rana yake zama kamar tanda ba, lokacin da nake shago. Muka ci gaba da yi wa yarinya allura da maganin da ya riga ya mutu.

6. Basira ta fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, tana fitsari a kai a kai, tana ramewa a gaban idonmu. Ranar Alhamis, 27 ga Afrilu, ta yi ta amai har ta daina gane mu. Majo, babban ma'aikacin jinya na asibitinmu, Allah ya saka masa da alheri, ya auna ta ya tura mu Dogon Dutsi nan take. Kafin mu tashi ya tambaye ni inda nake ajiye maganin, sai na kunna masa kukan da ke wayata. Bai gama ji ba ya ce irin kukan da firigon rigakafinsu yake yi ke nan idan zafi ya shiga cikinsa, kuma duk wanda ya ji shi ya kamata ya kwashe magani a ranar. Abin da na yi ta yawo ina tambaya ke nan, ranka ya daɗe. Basira ta yi kusan mako a kwance. Rigar Sallar da na ɗinka mata da hannuna yanzu lilo take yi a jikinta.

7. Da muka dawo na janyo firigon da kaina. Na ga wata jar waya an yanke ta an naɗe bakinta da leda. Ƙaramar fankar da ke baya ba ta juyawa ko kaɗan. Na je na sami Saminu a gaban mai kamfanin, bai musa ba. Ya ce: "Kun ce ya dame ku da kuka, na sa ya yi shiru. Tsohuwa ta samu barci, ko ba ta samu ba?" Mai kamfanin ya ƙara da cewa tun da na taɓa bayan firigon, garanti ya faɗi. Na juya na fita daga shagon.

A yanzu maganin yana cikin tulu da muka binne a jiƙaƙƙen rairayi, kamar yadda majo ya koya mana. Sahura ta daina zuwa ko'ina, ita ce mai yayyafa masa ruwa. Inna ta daina maganar Doguwa, ba ta kuma cin abinci sosai. Mus'ab ya zo ya duba yarinya ya tafi kansa a ƙasa. Ban ga laifin ko ɗayansu ba, domin ba su ne suka yi karatun kayan wuta ba.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Maigirma:

a) Ya kira mai kamfanin Fitilar Dallol da Saminu, a zauna da ni a gaban hukuma. Zan zo da firigon yadda yake, da wayata mai ɗauke da kukan. Sahura za ta ba da shaida.

b) A tilasta musu su gyara fankar ko su canza firigon, kuma su haɗa wayar da suka yanke, a gwada kukan ina tsaye.

c) A umarce su da su riƙa yi wa duk mai saye bayani da Hausa a kan kowane kuka na kayansu, wanda za a jira da wanda ba a jira. Akwai gidaje a Kore Mairuwa da ƙauyukanta masu irin wannan firigo, kuma ban san ko nawa ne aka rufe wa baki ba.

Ba na neman a kori Saminu, shi ma yana da iyali. Amma jiya Basira ta kara kunnenta a jikin firigon ta daɗe, sannan ta ce mini: "Baba, in an gyara shi ya sake lalacewa, wa zai faɗa mana?" Ina roƙo a mayar masa da kukansa, ko da zai dame mu kullum.

Allah ya ƙara wa Maigirma lafiya da basira, ya sa wannan takarda ba za ta kwana a cikin durowa ba. Ka huta lafiya.

Naka mai biyayya,
Munkaila Mani,
mahaifin Basira.